Rediyon Surukina Ya Samu Aikin Ofis

Surukina ya rasa rediyonsa. Masu Girma ne suka karɓa, da rana tsaka, ana tafi ana ɗaukar hoto, ni kuma ina tsaye a gefe riƙe da mukullin babur kamar wanda aka kirawo shaida.

Ni mai facin taya ne, karatuna bai yi nisa ba, don haka idan na yi kuskure masu ilimi su gyara. Amma abin da idona ya gani ba na buƙatar takardar shaida kafin in faɗe shi.

Wanda bai san Baba ba, tsohon tela ne, mahaifin maiɗakina. Tun da idonsa ya daina ganin kafar allura yake zaune a ɗakin ƙofar gidana. Wanda kuwa ya girma a garin nan lokacin da tashar rediyo ɗaya tal muke da ita, ya san shi ko bai taɓa ganinsa ba. Shi ne Tela Mai Keke Biyu na Bakin Famfo, wanda ba a rufe filin gaishe-gaishe sai an karanta katinsa. Yana gaida matarsa, yana gaida masu kawo masa ɗinki, har waɗanda suka yi faɗa jiya yana gaida su, ya ce su yi haƙuri wandon ya kusa.

Yaran yanzu ba za su gane ba. A wancan lokacin tasha tana da lokacin tashi da lokacin kwanciya kamar mutum. Da sassafe za ka ji wani ɗan ƙara siriri, sai kiɗan buɗe tasha, sai mai gabatarwa ya yi gyaran murya ya gaishe ka. Da ita ake saita agogo. Bayan labarai sai sanarwar rasuwa, a lokacin ko mai daka sai ta ɗaga taɓarya ta tsaya, layi ya yi tsit. Akuyarka ta ɓata, ka taka zuwa wata 'yar taga a jikin ginin ka faɗa, kafin yamma rabin gari na duba akuya mai farin goshi. In wuta ta ɗauke musu, suna dawowa sai sun ce a gafarce su. Ku ji fa. Ma'aikata suna ba talaka haƙuri.

Yau tashoshi sun fi shagunan faci yawa. Duk wanda ya tara abin duniya sai ya kafa tasa don ya riƙa jin ana yabonsa. Ka murɗa nan mai maganin basir, ka murɗa can mutum biyu na zagin juna a kan wanda bai san da zamansu ba. Ban ce babu na kirki ba. Amma Baba bai taɓa matsar da allurar rediyonsa daga tsohuwar tasha ba, don marigayiya Inna, matarsa, ta ɗiga jan farce a kan gilashin daidai wurin, ta ce kada yara su ɓatar masa. Jan farcen na nan har yau.

Rediyon kansa akwati ne mai nauyi, mai jikin katako, da riga ta yadi mai aljihu da Baba ya ɗinka masa. Eriyar ta karye tun ban auri 'yarsa ba, ya ɗaura waya ya maƙala a ƙarfen taga. Batura kuwa ba sa mutuwa a hannun Baba, suma suke yi. Ya shanya su a rana a kan katanga, ya ɗan ƙwanƙwasa su, su farfaɗo.

To, sai tsohuwar tasha ta tsufa har aka ga ya dace a yi mata biki. Aka kafa Kwamitin Tuna Baya, aka ɗora masa Mai Girma Shugaba, mutumin da na tabbata rabonsa da jin rediyo tun da direbansa ya koyi kashe shi. Aka yi shela cewa za a buɗe ɗakin tarihi, tsofaffin masu sauraro su kawo tsofaffin akwatunansu a ajiye don jikoki, a ba su sababbi na zamani.

Na ce, "Baba, ku bar abin nan a inda yake. Mutanen nan in sun karɓi abu ba ya dawowa."

Ya ce, "Kai komai sai ka ga ƙusa a ciki. Aikinka ne ya ɓata ka. Tashar da ta ɗauki sunana ta kai shi gidajen da ƙafata ba ta taɓa zuwa ba, yau ta roƙe ni abu in hana ta?"

Maiɗakina ta ce, "Ka kai shi kawai. In ba ka kai shi ba da ƙafa zai tafi."

Na kai shi. An kafa rumfuna, manya a inuwa, tsofaffin masu sauraro a inda inuwar ta ƙare. Mai Girma Shugaba ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan yadda yake kwana da tashar nan a ransa, sau biyu yana duba takarda don ya tuna sunanta. Aka yanke ƙyalle a ƙofar wani ɗaki da ba a buɗe ba, aka ce fenti bai bushe ba. Sannan aka miƙa wa Baba sabon rediyo.

Dole in yaba, don an yi tunani. Na roba ne, ba nauyi, ba ruwansa da batir, da rana yake caji. An kuma tausaya wa tsofaffi, an cire musu wahalar murɗa tasha, maɓalli ɗaya ne, kunnawa da kashewa. A gaba, daidai inda murya za ta fito, an manna hoton Mai Girma yana murmushi. Aibinsa ɗaya ne, ba ya magana. A unguwarmu, bayan dogayen benayen nan, abin da yake fitarwa shuuu ne kawai, kamar taya mai ƙaramin huji. Sai ka fita tsakiyar titi ka ɗaga shi sama da kai ne za ka tsinci kalma ɗaya ko biyu.

Baba bai yi ƙorafi ba, abin da ya dame mu ke nan. Da sassafe zai tashi kamar kullum, ya zauna a kujerarsa gaban kantar da rediyonsa yake zama a da, yanzu babu komai a kai, ya kunna robar, ya yi ta sauraron iska. Maƙwabcinmu mai aski ya leƙo ya ce, "Baba, ga wayata, akwai rediyo a ciki, ku sa wannan a kunne."

Ya ce, "Ni ba jaki ba ne da za a sa min igiya. Rediyo a ɗaki ake jin sa, kowa ya ji."

Da abinci ya fara dawowa a kwano ba a taɓa ba, maiɗakina ta tsaya a kaina ta ce, "Kai ka kai, kai za ka karɓo."

Na ɗauki Baba a babur muka koma. 'Yar tagar cigiya an toshe ta da bulo. Ɗakin tarihi mun same shi a buɗe, fenti ya bushe, amma kujerun biki ne jibge a ciki har rufi. Aka tura mu wajen Mai Girma Sakataren Kwamiti, aka ce ya tafi taron duba nasarar biki. Mataimakinsa ya ce akwatunan suna wuri mai tsaro. Na ce wane wuri? Ya ce ai shi ya sa yake da tsaro.

Muna fitowa ta wani dogon lungu Baba ya ja ya tsaya, ya riƙe min hannu.

"Ji."

"Me zan ji, Baba?"

"Nawa ne wannan. Ji yadda yake ɗan kaɗa murya in an zo ƙarshen magana."

Ya tura ƙofar ba sallama, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ɗakin injiniyan tasha ne, wayoyi ko'ina, fitilu na ƙiftawa. A tsakiyar tebur ga rediyon Baba, tsirara ba riga, yana ta zuba labarai tangaran. Injiniyan, wani dogo mai furfura a gemu, ya miƙe.

Na ce, "Malam, kayanmu muka zo ɗauka."

Ya dubi Baba, ya dubi rediyon, ya ce, "Baba, ku zauna tukuna." Ya jawo kujera. Sai ya nuna wani ƙaton ƙarfe a kusurwa, leda ba a gama ɓare masa ba. "Kun ga wancan? Shi aka sayo don mu riƙa jin ko muna kan iska. An yi bikin buɗe shi, an ci an sha. Bai taɓa cewa uffan ba. Da, sai mutane sun bugo waya suna zagi muke sanin mun ɗauke. Da aka tara akwatunan biki na bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ne kaɗai ya kama mu ba gargada. Yanzu in ya yi shiru, na san gari ya yi shiru."

Na ce, "To Allah ya ba da haƙuri, ku gyara naku. Wannan na tsoho ne."

Ya ce, "Wallahi da ni ne mai iko da na naɗe muku. Amma an buga masa lamba, ya shiga kayan ofis." Ya juya shi, ga lambar da farin fenti a bayansa. "In kun matsa, zan rufe ido ku fita da shi, in ce ya lalace. Sai dai mu koma jiran zagi."

Na miƙa hannu zan ɗauka. Baba ya buge min hannu.

Ya daɗe yana kallon ɗigon jan farcen. Sannan ya ce wa injiniya, "Wato duk garin nan, sai wannan ya ce ana ji sannan ake ji?"

"Haka ne, Baba."

"Baturan wa yake shanya su?"

"Shanya?"

"Na sani." Ya sa hannu a aljihu ya zaro rigar yadin, ashe da ita ya zo. Ya sa wa rediyon da kansa, ya ɗaure igiyar. "Kada a bar shi tsirara, ƙura na shiga. Kada kowa ya matsar da allura daga jan nan. In ya fara kaɗa murya da yawa, ka ɗan buga masa a hagu, a hankali, ba dukan faci ba."

A babur na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, 'yarku za ta cinye ni. An ba mu, kun ƙi."

Ya ce, "Kai dai tuƙa. Wanda ya samu aiki ba a zuwa a cire shi."

Kafin mu fito injiniyan ya yi alkawarin zai sa a gaida Baba da cikakken sunansa na da, a cikin makon, bai dai faɗi rana ba. Baba ya yi ta fita tsakiyar titi da robar Mai Girma a saman kai, masu babura na kauce masa. Ran nan da hantsi sai ga mai aski da almakashi a hannu.

"Baba, an gaishe ku! Tela Mai Keke Biyu na Bakin Famfo. Yanzun nan, tsakanin tallar maganin basir da ta filaye."

Baba ya sauke robar daga kansa. "Ya fita sosai?"

"Tangaran."

"To yana aiki ke nan," in ji shi, ya koma ɗaki.

Ina miƙa jinjina ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tuna Baya, wanda na ji an ba shi lambar yabo saboda ceto tarihi. Robarsa ma ba ta tashi a banza ba, maiɗakina na tokare ƙofar kicin da ita, kuma hoton na riƙe ƙofar da kyau, ban taɓa ganin ya yi aiki haka ba.

Baba ya koma cin abinci. Har yanzu da sassafe yana zama a gaban kantar, wayar eriya na lilo a jikin taga ba abin da take riƙe da shi. Gaisuwarsa ta ƙarshe duk gari ya ji, har rediyonsa ya ji, ban da shi.