Gwangwanin Madara a Gidan Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara maza bakwai ina zagin kaina a gabansu, ban sani ba.

Shara nake yi a gidan tace ruwan garinmu, amma kowa ya san ba tsintsiya kaɗai nake riƙe da ita ba. In na ga mutum ya nufi durom ɗin kulorin babu safar hannu, babu takunkumi, sai ya ji muryata tun daga bakin ƙofa. (Har manaja yakan gyara tsayuwa in na gifta.)

Ran nan da hantsi na shiga ɗakin hutu, na iske Malam Isah, mutumin Bukkuyum mai kula da injin, zai haɗa shayi. Mura ta toshe masa hanci. Ya buɗe wani gwangwanin madara, ya cika cokali da farin gari. Warin ya bugo ni. Kulorin! Na kai wa hannunsa duka da tsintsiya, cokali ya yi sama, kofi ya kife.

Da na ga bai kai baki ba, sai na buɗe nawa. Na kira kowa.

"Wane marar hankali yas sa guba cikin gwangwanin abinci? Da bawan Allah ya sha hwa? Ya hito in gane shi!"

Na ƙara da cewa ko akuya ta fi mai wannan aiki tunani.

Malam Isah ya juya gwangwanin a hankali. "Inna, wanga tsumma da anka ɗaure mishi, ba irin zanenki na ba?"

Na duba tsumman, na duba zanen da ke jikina. Shekaranjiya na ɗebi garin a gwangwanin nan don wanke bayi, aka kira salla, na ajiye a tagar ɗakin hutu. Da yake ba na karatu, ƙyalle nake ɗaurawa in gane kayana. Ni kaɗai na san ma'anarsa.

Manaja ya yi tari. Wani ya ce, "To Inna, a kira akuyar ta ba da haƙuri?"

Ni na bayar, har ƙasa, aka mayar da garin inda ya fito.

Har gobe ina faɗa, ban fasa ba. Sai dai yanzu kafin in tambayi wa ya yi, nakan tsaya in tuna inda na bi shekaranjiya.