Motar Alhaji Dabo Ta Daina Jan Mai

Ranar Asabar da hantsi aka turo akori-kurar Alhaji Dabo, dillalin shanu, zuwa garejin jikansa Mahdi da ke bakin hanyar Zango a Daura. Motar mai shan gas ce, kuma ta kwana biyu a duniya. Tun makon jiya take yi masa tsiya: ta tashi da ƙyar, in ya taka totur ta shaƙe ta mutu. Ga shi gobe Lahadi kasuwar Mai'adua, ya yi wa mutane alkawarin kai bijimai. Tsohon ya sauko yana gyara babbar riga, Mahdi ya durƙusa suka gaisa.

"Lafiya lau, Alhaji. Ya ƙarfin jiki, in akwai saura?"

"Akwai wanda zai kai ka ƙasa, ɗan nema. Ya aikin wanka da baƙin mai?"

"Da godiya. Ina matata Hajiya Shatu? Ka baro min ita da yunwa ko?"

"Matarka? Da sifana za ka biya sadakin?"

"Ita da bakinta ta ce ta gaji da furfura."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Tashi ka duba min amaryata ta biyu, ta daina jan mai."

"Wannan ce amaryar? Ai na ji an ce da ita kuka yi yaƙin basasa."

"Ta girmi ubanka, ka yi mata magana da ladabi."

Mahdi ya zagaya motar yana girgiza kai. "Wa ya taɓa ta kafin ni?"

"Wani bakanike a garin Babban Mutum. Ko buɗe ta bai yi ba, ya ce famfon mai ya mutu, sai sabo."

"Ka tsallake jikanka ka kai wa bare. To ga ka nan an turo ka kamar amalanke."

Alhaji ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya sassauta murya. "Baffanka Amadu ya ce in dai famfon ne, a sayar da ita, ni kuma in koma dakali in zauna. Wai na tsufa da bin kasuwa. Ni kuwa ranar da na daina jin kukan shanu da asuba, ku fara neman likkafani."

Mahdi ya dube shi. "Ba ka mutuwa yanzu, tsoho. In ka mutu wa zan riƙa tsokana? Shiga ka murɗa makulli, amma kada ka tayar da ita. So nake in ji ko famfon da ke cikin tanki yana motsi."

Ya kara kunne a jikin tankin. "Sake murɗawa. To, yana da rai. Gurnani yake ƙasa-ƙasa, irin naka in ana raba goro an tsallake ka."

"Ni nake raba goro a gidana."

"Lafiyayyen famfo zuuu yake yi da ƙarfi. Wannan kamar mai azumin nafila."

Ya ɗaura ma'aunin ƙarfin mai a bututun da ke kai gas inji. Allurar ta ɗaga kaɗan ta tsaya. "Ka gani? Man yana zuwa, amma ba ƙarfi. Shi ya sa in ka ɗora kaya ka shiga yashi take shaƙewa."

"Ashe mutumin Babban Mutum ya yi gaskiya."

"Ruwa ba ya tsami banza, Alhaji. In doki ya kasa gudu, sai a fara tambayar ko an ba shi dawa. Yaushe rabonka da canza matatar mai?"

"Watan jiya. Kana tsammanin ni ƙazami ne irinka?"

Mahdi ya kwance matatar, ya ga fes take. Ya zaro fis ya ɗaga shi a rana, bai ƙone ba. Ya dafa yatsa a kan rile, ɗan akwatin da ke sakar wa famfo wuta, ya sa tsohon ya murɗa makulli, ya ji ya yi ƙas.

"Duk lafiya. Saura in ga ko wutar tana isa wurin famfon."

"Ka yi sauri. Ni da nake gane ciwon saniya daga tafiyarta, kai ƙarfe ya tsaya a gabanka kana ta duba kamar boka."

"Karen bana shi ke maganin zomon bana. Riƙe min mitar awon wutar nan, in hannun ba ya rawa."

"Hannun da ke kayar da bijimi?"

"Bijimin da aka riga aka ɗaure."

Mahdi ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. Can sai ga muryarsa. "Batir cike yake da wuta, amma rabinta kawai ke isowa nan. Alhaji, wannan wari fa? Kai ne?"

"Allah ya shirye ka."

Ya fito riƙe da mahaɗin wayoyin da ke saman tanki. Ƙarafunan cikinsa sun yi kore shar, wayar da ke manne da jikin mota kuma ta cinye saura ƙiris. "Ga ɓarawon. Katakon bayan motarka ya tsage daidai saman tanki. Duk bijimin da ka ɗauka, nan yake sakin fitsarinsa. Shi ya ci wayar. Famfonka lafiya lau, yunwar wuta yake ji."

"Kana nufin shanuna ne suka kashe min mota?"

"Su ma sun gaji da tuƙinka."

Ya kankare tsatsar, ya yanke ruɓaɓɓiyar wayar ya sa sabuwa, ya naɗe, ya rufe wurin da guntun roba. Da aka murɗa makulli, famfon ya ɗauki zuuu har Alhaji ya ji daga mazauninsa. Allura ta haye. Bugu ɗaya motar ta tashi.

Tsohon ya taka totur, ya sake takawa, yana sauraro. Sai ya kau da kai ya share ido da hannun riga.

"Hayaƙi ne," in ji shi.

"Na sani. Hayaƙin gas ba ya raga wa tsofaffi. A sa kafinta ya gyara katakon nan, ko kuwa ka ɗinka wa bijiman wando."

Alhaji ya yi dariya har da tari. Ya matsa kujerar gefe, ya bar wa Mahdi sitiyari, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, har 'ya'yan da ya haifa.

"Ka ci ni yau, ja'iri. Shigo ka ja mu. Gidan Amadu za mu fara, ka tsaya a ƙofarsa ka danna ham har sai ya fito."