Geron da Ya Tsiro a Kicin ɗin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren aurena ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai. Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Sharada, na kama haya a Panshekara. Gwaggon amaryata, Hajiya Tabawa, ta rantse ba za a ba baƙauye 'yar birni ba. Da ƙyar aka shawo kanta, bayan na cika baki cewa har kicin sai na shimfiɗa tayil na roba, irin na gidajen manajoji a Bompai. (Baki shi ke yanka wuya.)

Matsalar, ƙasan kicin ɗin tudu da kwari ne. Siminti duk ya farfashe, ga rami inda masu gidan na da suke kafa turmi. Mai sayar da tayil ya ce in daidaita wurin da siminti, in bari ya bushe sarai. Na ce a raina, mu da muka tashi a ginin ƙasa za a koya wa yaɓe? Na samo jar ƙasa, na roƙo ƙaiƙayin gero wurin maƙwabta, na kwaɓa yadda muke yi a garinmu, na shafe ko'ina sumul. Yana ɗan shan iska na shafa gam, na jera tayil, na kulle, na tafi ƙauye gayyato dangi.

Ranar jere ni na buɗe wa mata ƙofa da kaina, ina hura hanci. Sai na ji Hajiya ta saka salati.

Jama'a, gero! Ashe ƙaiƙayin nan cike yake da tsaba. Ya tsiro ta kowace tsaga, layi-layi, har ya ɗaga tayil sama. Kunya kamar in nutse.

Hajiya ta durƙusa, ta tsigo ɗaya, ta duba saiwarsa.

"Malam, amarya muka kawo muku ko 'yar ƙwadago? Girki za ta fara ko noma?"

Mata suka ɓarke da dariya, wata har da guɗa. Hajiya ta ce a mayar da kwanuka mota, 'yarta ba za ta tare ba sai ta ga siminti da idonta. Haka aka ɗaga tarewa, ango yana durƙushe yana ɓamɓarar tayil, dangina da suka zo biki suna taya ni cire ciyawa.

Na daɗe ina jin ana cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Ban dai taɓa zaton a kicin za a yi girbin ba, kuma a gaban surukai.