Gurun da Ya Tona Mini Asiri a Ɗakin Hoto

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka surukina, Alhaji, hoton ƙwaƙwalwa ba. Ciwon kai ne ya kayar da shi a gonarsa ta Tamawa, idonsa ɗaya har ya fara rufewa. Likita ya ce yana zargin wata jijiyar jini ce ta kumbura a cikin kai, in ta fashe sai dai addu'a. Ya tura mu Katsina a yi hoton da suke kira MRA, wanda ke nuna jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

To ni fa tsoron hanya gare ni. Kafin mu bar Dutsin-Ma na lallaɓa na ɗaura gurun da kakata ta bar mini, mai zobban ƙarfe, can ƙarƙashin riga. (Ni ɗin nan da ke cika baki a majalisa cewa layu aikin jahilci ne.)

Da aka kira mu, Alhaji ya leƙa ya ga na'urar kamar bakin rijiya a kwance, ya ja ya tsaya.

"Wallahi ba ni shiga ramin nan sai yaron nan na riƙe da ƙafata."

Ma'aikaciyar ɗakin hoton ta yarda, amma ta ce maganaɗisun na'urar yana fizgar ƙarfe da ƙarfin tsiya, ko allura ba a shiga da ita.

"Malam, akwai ƙarfe a jikinka?"

"Babu," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba.

Ta shafa mini 'yar sandar nan mai ƙara in ta gano ƙarfe. Tana zuwa ƙuguna abin ya ɗau kuka. Na ciro makulli, ya sake kuka. Na cire bel ina riƙe da wando, bai fasa ba.

"Malam, akwai masu jira. In ba ku shirya ba, sai wani satin."

Wani satin! Na dubi Alhaji ya dafe kai, idon nan a rufe. Tsoro ya kama ni sosai, na ga zan kashe uban matata saboda kunya. Na runtse ido, na yaye riga har ƙirji a gaban surukina, na kwance guru. Ya faɗi a faranti, ƙwal! Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Aka yi hoto, na'ura na ta ƙwanƙwasa, ni ina riƙe da ƙafarsa. Likita ya nuna mana kumburin, ɗan mitsitsi, ya ce an gano shi da wuri, za a iya yin aiki.

Muna fitowa Alhaji ya miƙa wa ma'aikaciyar hannu.

"Ɗiyata, ba ni nawa."

Ta ɗauko wani guru da ya ninka nawa kauri. Ashe tun muna isowa ya ba ta ajiya, ba wani ɓoye-ɓoye. Ya dube ni.

"Ɗaura naka mana, Malam. Hanya da nisa."

Tun ranar, in ma'aikacin asibiti ya tambaye ni, gaskiya nake faɗa tun kafin a ɗauko sanda. A majalisa kuwa, da an tado zancen layu sai in tashi in ce alwala zan yi.