Ranar da Na Goge Muryar Baba Idi

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Zainabu ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu Zango ba za su bar ni ba. Amma bari in faro daga tallar da ta jawo mini komai.

Ina aiki ne a wani ɗan shagon buga takardu a unguwar Paspanga, cikin Wagadugu, inda ake kawo mana wasiƙun neman aiki da katunan biki. Kusa da mu akwai wani babban kanti mai gilashi da ke sayar da kwamfutoci, sun kafa ƙaton allo yana kallon titi. Wata rana ina dawowa daga sallar azahar na ga tallar. Wani Bature ne zaune gaban wata siririyar kwamfuta mai ƙyalli, ya goge hoton 'yarsa bisa kuskure. Bai ɗora hannu a ka ba, bai kira kowa ba. Murmushi kawai ya yi ya danna wani abu, sai allon ya buɗe kamar sararin sama, ga taurari, ga tagogi jere suna tafiya can ciki: jiya, shekaranjiya, makon jiya, watan jiya. Ya shiga ranar Talatar da ta wuce, ya ɗauko hoton ya dawo da shi yau.

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na tsaya cikin ranar nan baki buɗe, tallar ta ƙare ta sake farawa, ta ƙare ta sake farawa, ban motsa ba sai da wata mai tallan ayaba ta ce in ba ta hanya. Ni da na sha zagi a kan takardun mutane da suka ɓace a tsohuwar kwamfutar shagonmu, yau ga na'urar da ke komawa jiya! Na ce lallai Allah ya ba ɗan Adam basira, abin har ya ɗan ba ni tsoro.

Kafin wata ya ƙare na sayar da motona, wato babur ɗina, na sayi irinta, ta hannu. (Wanda ya san Wagadugu ya san abin da na yi. A garin nan har kaka mai jikoki goma tana da moto, ni kuwa na koma ƙafa da son raina.) Mai kantin ya so ya haɗa ni da wani ɗan akwati mai waya a jiki, ya ce suna tafiya tare. Na tuna na ga irinsa a tallar, a gefen tebur, da 'yar fitila tana ƙyaftawa, amma na ɗauka abin sauti ne ko ado. Na ce a raina, ɗan Zango za ka yi wa wayon kasuwa? Na ɗauki kwamfutata na bar masa akwatinsa.

Daga ranar na zama annoba a fadarmu, inda muke shan shayi da la'asar. Wanda ya fi shan wahalata Musa ne, abokina tun na ƙuruciya, mai gyaran kwamfuta a unguwar Cissin. Shi mai haƙuri ne, yana bayani dalla-dalla. Ya ce irin kwamfutocin da kowa ke da su ma suna iya ajiye kwafin aiki, sai dai kai za ka kunna abin ka nuna mata inda za ta zuba. Ya ce akwai wani tsarin da ake samu kyauta, shi kuma sai ka rubuta masa umarni da hannunka. Wasu kuma suna tura kwafinsu ta intanet, in akwai ta. Ni duk ban ji ba.

"Mon frer, ɗan'uwana, taku sai an roƙe ta," na ce. "Tawa da kanta take sobgardi, ta ajiye kwafin komai. Ba ta mantuwa."

"To ina take ajiyewa?" Musa ya tambaya.

"Cikin kanta mana. Tana da tunani."

Ya dube ni, ya kurɓi shayinsa. "Ka haɗa mata diskin ajiya?"

Na ce hassada ce ke damunsa.

A cikin wannan hali ne Gwaggo Hajara, ƙanwar babana, ta aiko a kira ni. Mijinta, Baba Idi, direban babbar mota ne, mutumin Nijar, yana dakon kaya daga Lome. Lokacin da aka haifi autarsu Zainabu yana can bakin teku ya maƙale yana jiran kaya, sai ya yi abin da matafiya ke yi a lokacin: ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba wani direba ya kawo gida. Ya dawo lafiya, amma Zainabu na shekara biyu ciwo ya ɗauke shi. Ba ta san muryarsa ba. Gwaggo ta naɗe kaset ɗin a ƙyalle ta ajiye a ƙasan akwati shekara ashirin da wani abu, ta ce Zainabu ba za ta ji shi ba sai ranar aurenta. Yanzu saura mako uku, tana so in juye muryar a kwamfuta don a sa ta ranar biki.

Na aro tsohon rediyo mai kaset, na haɗa shi da kwamfutata a tsakar gidanta. Muna zaune kan tabarma, na ga ta ajiye ƙaramar wayarta mai madannai kusa da rediyon, ban kawo komai a raina ba. Kafin in kunna sai da na yi mata lacca a kan na'urata. Sannan muryar ta fito, na ɗauke ta tsaf. Da na zo in mayar da kaset ɗin baya don mu sake ji, rediyon ya cinye zaren ya tsinka shi gida uku. Gwaggo ta yi salati. Na ce kada ta damu, Baba Idi ya shiga inda babu ɓata.

"Ɗan nan, ka yi mini shi gida uku," ta ce. "Babanmu mai saukar fatake na. In sun kawo mishi ajiya ba shi tara ta ɗaki guda. Wani nan, wani gidan ƙanenshi, wani gidan liman, saboda gobara."

"Gwaggo, wancan zamanin fatake ne. Wannan ko an goge abu, komawa jiya take ta ɗauko."

"Jiya?" ta ce. "To, Allah shi kyauta."

Ranar biki aka kafa rumfa ta tare layinmu gaba ɗaya. An ɗaura aure da safe, an ci shinkafa, bayan azahar maza suna ƙarƙashin rumfa, mata suna cikin gida da amarya. Dangin ango sun zo, 'yan kasuwar atamfa ne daga Kano, manyan riguna sai ƙamshi. An shirya cewa kafin la'asar za a sa muryar Baba Idi a manyan lasifikan mai sono, wato mai kayan sauti, kowa ya ji, har cikin gida. Aka ba ni tebur a gaba. Na sa sabuwar shadda, na buɗe kwamfutar yadda hasken rana zai bugi bayanta.

Wani daga cikin baƙin, dattijo mai fara'a, ya matso ya ce, "Malam, wannan na'ura taka da kyau take. Me ya bambanta ta da namu?"

Da na ce masa nauyinta kaɗan ne, da yau ina da mutunci. Amma ga Musa zaune, ga baƙi daga Kano, ga shadda a jikina. Na miƙe tsaye. Na ba su labarin taurari da tagogi. Na kwatanta musu tsarin Musa da nawa, na ce nasa kamar rijiya ne sai ka ja guga, nawa kuwa famfo. Mutane suka fara taruwa. Sai na ji bakina yana cewa, "Bari ku gani da idonku."

Kuma cikin duk takardun banza da ke cikin kwamfutar nan, wallahi ban zaɓi komai ba sai muryar Baba Idi. (Na sha tambayar kaina dalili. Ina jin so nake abin ya yi armashi.) Na ja ta na jefa a kwandon shara na kwamfutar.

Musa ya miƙe. "Kai, dakata! Kar ka taɓa korbeyin nan, kar ka zubar da kwandon!"

Na yi masa murmushin Baturen talla, na zubar da kwandon. Har wata 'yar ƙara ta yi, kamar an murƙushe takarda.

"Yanzu," na ce, "za mu koma jiya."

Na danna. Babu taurari. Wani ɗan farin akwati ne ya fito tsakiyar allo da rubutu layi ɗaya, wai ba a zaɓi wurin ajiya ba, in haɗa diski. Na sake dannawa. Shi dai. Na kashe na kunna. Shi dai. A nan ne ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitila ya faɗo mini a rai, wanda na bar wa mai kanti ina jin na yi wayo. Ashe shi ne rumbun. Ashe tun ranar da na saye ta, na'urar ba ta ajiye ko da harafi ɗaya ba, jira take in ba ta inda za ta zuba.

Gumi ya keto mini har shaddar ta manne a bayana. Dattijon nan ya ce a hankali, "Malam, mun iso jiyan kuwa?" Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariya ciwo. Musa ya karɓi kwamfutar ya duba, ya matso kunnena ya ce irin wannan sai an kai shago, kuma ko an kai ba tabbas. Daidai lokacin mai sono ya ɗauki makirfo ya ce jama'a a yi shiru, za a ji muryar mahaifin amarya. Daga cikin gida aka rangaɗa guɗa.

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Kaset ya tsinke a hannuna, kwafi na goge da hannuna, yarinya tana ciki tana jiran ta ji babanta karo na farko. Na tashi na je ƙofar gida na ce a kira mini Gwaggo. Ta fito cikin lulluɓi. Na durƙusa, na faɗa mata, ban ɓoye komai ba.

Ta ce, "Ba ta komo daga jiyan ba?"

"Ba ta je ba ma, Gwaggo."

Sai ta kama bakin zanenta, inda take ƙulle goro, ta kwance. Ga wani ɗan katin memori na waya, bai kai farcen yatsa ba.

"Ran da ka zo, wayata na ɗauka. Da ita nike ɗaukar karatun islamiyya, na san madannin. Na kai ma Musa na ce shi yi mini gida uku, kar shi saurara. Guda na unguwar Tampouy wurin ƙanwata, guda na shagonshi, ga guda. Tashi ka kai ma mai sono, mutane na jira."

Na karɓa da hannu biyu. Na so in yi magana, ta ce in tafi.

Abin da ban yi tunani ba shi ne wayar Gwaggo ta fara ɗauka tun kafin in kunna rediyo. Mai sono ya sa katin, ya ƙure sauti. Aka ji kukan akuya, aka ji ana daka a maƙwabta, sannan murya ta cika layin Zango gaba ɗaya, kuma tawa ce: "Gwaggo, wannan na'ura ba ta mantuwa! Ni da ita, in abu ya ɓace a hannunmu ki canza mini suna!"

Rumfar ta fashe. Dattijon Kano har da riƙe ciki, Musa ya zame daga kujera. Ni kuwa ina tsaye a gaba, babu inda zan shiga.

Sai aka ji ƙarar kaset, shiiii, da hon ɗin babbar mota can nesa, wani mutum ya yi gyaran murya. Dariyar ta ɗauke kamar an rufe famfo.

"Salamu alaikum. Hajara, ni na, Idi. An ce mini kin sauka lahiya, ɗiya mace. Alhamdu lillahi. A sa mata Zainabu, sunan innata. Ku ce mata babanta na nan tahe, na saya mata 'yan takalma ja, ko da sun yi mata yawa ta girma ta iske su." Ya yi dariya, wata irin dariya mai kauri. Sannan ya yi mata addu'a, Allah ya raya ta, ya ba ta miji mai haƙuri. Tsofaffin direbobin da suka san shi suna amsawa da amin, wani yana share ido da hularsa. Daga cikin gida na ji kukan Zainabu, tana cewa a sake sa mata. Aka sake, har sau uku, kuma kowane karo sai an fara da ni.

Na tsaya ina mamaki, irin mamakin da na yi gaban allon Paspanga, har ya fi. Mutum ya yi shekara ashirin a ƙasa, ga muryarsa tana sa wa 'yarsa albarka ranar aurenta. Kuma abin da ya kawo shi bakin zanen wata tsohuwa ne da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba.

Yanzu na sayi ɗan akwatin, kuma gaskiya taurarin suna fitowa, abin sha'awa, har yau nakan buɗe in kalla. Amma duk abin da na damu da shi gida uku nake yi masa, ɗaya yana Cissin wurin Musa, wanda ke goya ni a motonsa in ya ga dama. Suna kuwa an canza mini kamar yadda na nema, Koma-Jiya ake kirana har a masallaci. Darasin da na koya shi ne, kafin ka yi wa mutane alkawarin jiya, ka tambayi inda aka ajiye ta. Sautin nan kuwa an tura shi waya zuwa waya, daga Zango har Kano, ba a yanke farkon ba. Muryar Baba Idi ba za ta sake ɓata ba har abada, kuma tawa tana gabanta.