Shayin Da Na Kai Wa Likitar Zuciya

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga ofishin likita da faranti a hannu ba.

Ni maƙerin azurfa ne a tsohon garin Agadas, amma abin da nake taƙama da shi ba ƙira ba ce, shayi ne. A fadarmu, inda muke zaman hira da abokai, in ban zo ba sai dai buta ta huta. Lokacin da maiɗakina take da cikin wata shida, zuciyarta ta fara wani irin gudu, ta buga da sauri, ta ɗan tsaya, ta sake zabura. Na tsorata ƙwarai, don rai biyu ne a jiki ɗaya. Na kai ta asibiti, ita da mahaifiyarta Inna suka shiga, ni kuwa na zauna gindin bishiya tare da sauran maza (wai mu manya, ba ma shiga ɗakin awo). Suka fito da ƙwayoyi da aka ce ba sa cutar da ciki. Ban tambayi sauran bayani ba.

Sai na ce bari ni ma in taimaka da abin da na iya. Safe da la'asar ina dafa mata shayi, kuma kofin farko nake ba ta, mai ɗacin nan da ke tsayar da gashin kai. A ilimina, abin da ke riƙe direba har Dirku can cikin hamada ba zai kasa riƙe zuciyar mace ba. Tana karɓa tana shanyewa.

Sati biyu, bugun bai lafa ba. Ranar komawa na ɗauki buta da gawayi, na hura wuta a bakin ƙofar asibiti, na ba ta kofi biyu don ta samu ƙarfin awo. Da ta shiga, sai na ɗora na uku a faranti, na kutsa ciki da niyyar in gaishe da likita, sannan in gaya mata maganinta ba ya aiki.

Na tarar an manna wa maiɗakina wayoyi a jiki, na'ura tana fito da takarda, likita ta ɓata rai.

"Madam, kin tabbata kin daina shayi mai ƙarfi da goro yadda na ce?"

Daidai nan na yi sallama, kumfa na rawa a kofi.

Likita ta dubi farantin, ta dube ni. "Malam, wannan fa?"

"Naki ne, likita. Ita ta riga ta sha biyu."

(Da alfahari na faɗa, Allah shaida.)

"Mais non, haba! Yanzu-yanzu?"

"Kullum ma. Na farko nake ba ta."

Matan da ke layi a bakin ƙofa suka tuntsire da dariya. Inna ta ja lulluɓi ta rufe baki, kafaɗunta na girgiza. Likita ta yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa ɗan lakwal a aji ɗaya, cewa tana kwantar da zuciyar da ƙwaya, ni ina zaburar da ita da buta. Na rasa inda zan ajiye farantin, sai na shanye kofin da kaina.

A hanya na ce, "Don Allah me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Maigida, na ga hankalinka ya fi nawa tashi, kuma shayin nan ne kaɗai abin da kake iya yi mini. Ta yaya zan mayar maka da kofi?"

Wannan ta fi dariyar matan shiga jikina.

Aka ajiye buta, aka ci gaba da ƙwaya da awo, bugun ya daidaita, ta sauka lafiya da 'ya mace. Tun daga ranar na bar gindin bishiya. In an kira ta nakan bi ta ciki, in zauna in buɗe kunne, hannuwana ba komai.