Dattijon da Ya Ƙi Amsa Tambayoyina

Ina digiri na biyu a tattalin arziki na tafi ƙauyen Balan binciken manoma, ina ji da kaina. Rana tsaka, ko'ina tsit, na hango wani dattijo da malafa tsaye cikin gero, ya ba ni baya.

Na durƙusa: "Sannu da aiki, Baba." Shiru. Na ce kunyar ɗan boko yake ji, na karanta masa tambayoyi shafi biyu. Sai iska ta juyo da shi. Babu fuska.

Da Ayatul Kursiyyu na shiga gari, takalmi ɗaya a ƙafa. Da na ba da labari, mai gonar ya ƙare dariyarsa ya ce, "Malam, mutum-mutumin korar tsuntsaye ne."

Har yau malamina kan tare ni: "Yaya Baba? Ya amsa kuwa?"